Shari'ar Hayaƙi: Kwanakin Damina Tsakanin Treichville da Adjamé

Alhamis, 30 ga Yuni, 2022

An wuni ana ruwa, irin na Yunin Abijan da ba ya zuwa da tsawa, sai dai ya yi ta zuba har shanya ta fara wari. Ban leƙa tashar jiragen ruwa ba, takardun kwantenar da nake bi ma ba su fito ba. Bayan isha'i na kunna rediyo, na tarar ana labarin Kotun Ƙolin Amurka.

Jihar West Virginia, da wasu jihohi da kamfanonin haƙar kwal, su ne suka kai ƙarar hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA. Alƙalai 6 sun ba su gaskiya, 3 sun ƙi. Babban alƙali John Roberts ne ya rubuta hukuncin, kuma abin da ya ƙunsa shi ne hukumar ba ta da hurumin tilasta wa ƙasa baki ɗaya ta bar kwal ta koma gas da iska da hasken rana wajen samar da lantarki. Dokar tsabtace iska ta 1970 da hukumar ta dogara da ita, a ganinsu, ba ta ba ta wannan iko ba. Al'amarin da zai girgiza tattalin arziki haka, sai majalisa ta furta shi ƙarara.

Abin da ya hana ni barci da wuri shi ne tsarin da ake ta shari'a a kansa bai taɓa aiki ba ko na yini guda. Obama ya fito da shi a 2015, da burin rage hayaƙin kabon na tashoshin lantarki da kashi 32 cikin 100 kafin 2030, in an auna da na 2005. Kotun Ƙoli ta dakatar da shi a Fabrairun 2016. Trump ya soke shi a 2019. Kuma a 2019 ɗin ƙasar ta riga ta kai wannan adadi, don gas ya yi araha, tashoshin kwal suka yi ta rufewa da kansu. Shekara bakwai lauyoyi na cin abinci a kan dokar da kasuwa ta riga ta wuce.

Juma'a, 1 ga Yuli

Na yi Juma'a a masallacin Avenue 8. Da aka watse na bi ta Avenue Christiani, inda hedkwatar kamfanin wuta na CIE take. Tun 1990 gwamnati ta miƙa masa rarraba lantarki da karɓar kuɗi. Mu mazauna Treichville mun san ginin, mun san faktir, wato takardar kuɗin wuta, mun san lambobin da ake dannawa a mita. Inda wutar ke fitowa kuwa, in ka tambayi mutum goma a bakin masallaci, mafi yawa za su ce maka daga baraj, wato madatsun ruwa.

Da can gaskiya ne. Ayamé, Kossou, Taabo, Buyo, sai Soubré mai megawat 275 da 'yan Sin suka gama a 2017. Amma yau fiye da kashi biyu bisa uku na wutar ƙasar nan gas ake ƙonawa a same ta, kuma ana ƙona shi ne a nan kewaye da mu. CIPREL na Vridi, bayan tashar jiragen ruwa, tun 1995. Azito na can Yopougon a bakin lagun, tun 1999. Ana gina wata babba, Atinkou, a wajen Jacqueville, kusa da inda bututun gas ke fitowa daga rijiyoyin teku. Daga cikin wutar ƙasar nan ake sayar wa Mali da Burkina da Gana da wasu maƙwabta.

Ke nan mu ma muna da tashoshin da ake faɗa a kan irinsu a Washinton. Bambancin, nasu da yawa kwal ne, namu gas, kuma gas na fitar da kusan rabin kabon ɗin da kwal ke fitarwa a kan wuta iri ɗaya. Azito ma a 2015 aka ƙara mata injin da ke amfani da zafin da a da yake tafiya a banza, ta ƙara wuta ba tare da ƙarin gas ba. Wannan aiki ne mai kyau, ba na ƙin faɗa. Sai dai ban taɓa jin wani ɗan ƙasa ya tsaya gaban alƙali ya tambayi nawa waɗannan bututaye ke fitarwa, ko waye ya yanka masu iyaka.

Asabar, 2 ga Yuli

Adjamé. Na sauka a Liberté, na kutsa ta Nangui Abrogoua cikin taɓo da ƙananan bas da ake kira baka da masu turin kura, zuwa shagon Kawu. Waya yake sayarwa da kwan fitila da fanka da ƙananan gurup, wato janareta. Na ba shi labarin hukuncin yana lissafin kwalaye, bai ɗago ba.

"To, kai ɗana, su da suka ƙona duniya suna gardamar ko za su rage, mu da ba mu ƙona komai ba me ya kai mu ciki?"

Na ce, "Kawu, iskar ɗaya ce."

"Iskar ɗaya ce, aljihun ne ba ɗaya ba. Bara ina kake?"

Bara yana nufin Afrilu zuwa Yunin 2021, lokacin da ruwan baraj ya ja baya, injin Azito ya samu matsala, aka shiga raba wuta unguwa-unguwa, masana'antu suka koma aiki da ƙa'ida. A watannin nan Kawu ya sayar da gurup har ya rasa na sayarwa. Kowane tela, kowane mai walda, kowane mai firjin kifi a Adjamé ya kunna nasa a bakin ƙofa. Hujjarsa ita ce duk wanda ya takura wa babbar tasha har wuta ta ragu, bai rage hayaƙi ba, ya sauko da shi ne daga dogon bututu zuwa hancin talaka. A nan na ba shi gaskiya ba tare da ja ba.

Na kuma ba shi gaskiya a lissafi. Ba'amurke ɗaya na fitar da kusan tan 15 na kabon a shekara. Mutumin Kodebuwa bai kai tan 1 ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. West Virginia da ta shigar da ƙarar, wajen kashi 90 cikin 100 na wutarta daga kwal ne. Duk wanda zai zo daga can ya ce mana mu kashe Azito, a ba shi ruwa ya sha, a raka shi filin jirgi.

Inda muka rabu shi ne da ya ce a nan ba a rigimar wuta. Ana yi mana. A Yulin 2016 mutane sun fito a Yamoussoukro da Daloa da Tiassalé da Bouaké saboda tsadar faktir, aka farfasa ofisoshi, aka rasa rai a Bouaké. Rigimarmu a titi ake yin ta, da dutse, kuma a kan kuɗi kawai. Kawu ya ce ai kuɗin ne ke ciwo. Ya aiki yaro ya sayo mana abincin garba, maganar ta koma kan farashin rago.

Lahadi, 3 ga Yuli

'Yata ta zo daga Cocody, inda take karatun lauya a jami'ar Félix Houphouët-Boigny. Ta riga ta karanta hukuncin a wayarta, da ra'ayin Elena Kagan, wadda ta rubuta wa alƙalan nan uku. Ta ce ƙorafin Kagan shi ne kotu ta ɗauke shawarar yanayi daga hannun majalisa da ƙwararrun hukuma ta riƙe da kanta, alhali alƙalai ba su san aikin ba. Ta kuma tuna mini cewa wannan kotun ce a 2007, a shari'ar da jihar Massachusetts ta kai, ta ce kabon gurɓata iska ne kuma hukumar na da ikon sa masa ƙa'ida. Ba a janye wancan ba, an dai rage tsawon igiyar.

Na ce mata a nan gwamnati ba ta da wannan ciwon kai. Ni shaida ne, don sana'ata ce. A Disamban 2017 aka sa hannu kan dekire guda, wato umarnin gwamnati, aka ce daga Yulin 2018 ba a shigo da ƙaramar mota da ta wuce shekara 5, ƙaramar bas shekara 7, manyan motoci shekara 10. Dalilan da aka bayar har da hayaƙi. Masu shigo da motocin Turai sun yi kuka, wasu sun rufe, wasu sun koma Lome da Kwatano, amma umarnin ya zauna. Abin da hukumar Amurka ta kasa yi da lauyoyi dubu, a nan zaman majalisar ministoci ɗaya ya gama shi.

"Baba, shi ne kuma abin tsoron," in ji ta. "Wanda ya sa hannu yau, gobe yana iya sa hannu ya cire. Kun manta dekiren leda?"

Ban manta ba. An hana leda tun 2013, ga ta nan ta toshe kowace kwata daga Adjamé zuwa Abobo.

Ta ce hanyar ƙalubalantar gwamnati na nan a rubuce. Conseil d'État na iya soke umarnin da ya wuce gona da iri. Tsarin mulkin 2016, a sashe na 27, ya ba kowa haƙƙin zama a muhalli mai lafiya, ya kuma mai da shigo da shara mai guba babban laifi. Akwai dokar muhalli ta 1996, akwai CIAPOL mai auna gurɓata, akwai ANDE mai duba tasirin manyan ayyuka kafin a fara. Na tambaye ta to me ya rage. Ta ce mai ƙara, da lambobin da zai riƙe a hannu in ya shiga.

Da yamma aka ce shugabannin CEDEAO a Akara sun ɗage wa Mali takunkumi. Uwargida ta ce Allah ya sa ragunan su shigo, farashi ya sauko.

Litinin, 4 ga Yuli

Takarduna sun fito, na wuni tsakanin kwastan da Vridi. Daga bakin hanya ana hango bututayen CIPREL da na matatar mai. Hayaƙin gas ba ya da kala sosai, sai ɗan rawar iska a samansa, shi ya sa ba ya ba kowa tsoro.

Duk sanda na zo nan sai na tuna Agustan 2006, don ita ce babbar shari'ar gurɓata da garin nan ya sani, kuma ita ta koya wa mutane abin da za su sa rai da shi daga kotu. Jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya ɗauka haya, ya tsaya a nan ranar 19 ga wata. Kafin nan ya je Amsterdam, aka ce sharar da ke cikinsa sai an biya kuɗi mai yawa kafin a sarrafa ta, aka mayar da ita ciki. A Abijan wani sabon kamfani mai suna Tommy ya karɓa da araha, ya zuba fiye da kubik mita 500 a tankoki, aka bi dare aka watsar a juji na Akouédo da wasu wurare a cikin gari. Gari ya tashi da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Fiye da mutum 100,000 suka je asibiti, hukuma ta ƙirga mutuwar aƙalla 15. Gwamnatin Charles Konan Banny ta yi murabus a Satumba.

Sai shari'a. A Fabrairun 2007 gwamnatin Laurent Gbagbo ta sasanta da kamfanin Trafigura a kan kusan sefa biliyan 100, bisa sharaɗin ba za ta ƙara bin sa da wata tuhuma ba, aka saki manyansa da ke tsare a gidan kaso. Kamfanin bai amsa laifi ba, kuma har yau bai amsa cewa sharar ce ta yi kisa ba. A Oktoban 2008 kotun Abijan ta ɗaure shugaban Tommy, Salomon Ugborugbo, shekara 20, da wani wakilin jiragen ruwa shekara 5. A Landan, 2009, kamfanin Trafigura ya sasanta da mutum wajen 30,000 a kan fam miliyan 30, kusan fam 1,000 ga kowa, kuma rabon kuɗin ma ya zama wata rigimar. A 2010 kotun Amsterdam ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 1 saboda fitar da sharar daga Holan. Ƙungiyoyin kare haƙƙi, LIDHO da MIDH da FIDH, sun kai gwamnati kotun Afirka da ke Arusha tun 2016, ana jira.

Gubar da ake shaƙa a ji, a ga gawa, a ga layi a asibiti, ƙarshenta ke nan: manya suka zauna a ɗaki suka yanka farashi. To ina ga iskar da ba ta da wari, wadda cutarta sai bayan shekaru? Wanda ya ga haka ya ƙi kai ƙara, ban kira shi jahili ba.

Talata, 5 ga Yuli

Ruwa kuma. Bakar da na shiga ta daɗe a tsaye kafin Indénié. Wani fasinja ya ce canjin yanayi ne, direba ya ce kwata ce ta toshe. A tsakiyar watan jiya ƙasa ta zaftare a Mossikro ta kashe mutum 6. Ni dai na fi karkata ga direba: gini a bakin rami da leda a magudana sun ishe mu bayani. Amma Grand-Lahou da teku ke cin ta, da gidajen Port-Bouët da igiyar ruwa ta kwashe, ba leda ba ce.

Laraba, 6 ga Yuli

Wani abokin aiki da ke bin kaya ta San Pedro ya tayar da maganar tashar kwal da aka so ginawa a can. A 2016 aka ƙulla yarjejeniyarta, megawat 700, da kwal ɗin da za a riƙa shigowa da shi ta teku. A alkawarin da ƙasar nan ta kai taron yanayi na Paris na 2015 ma an ware wa kwal kasonsa. Yanzu a sabon alkawarin da aka gabatar bayan taron Glasgow babu shi. An ce za a rage hayaƙi da kashi 30 da ɗoriya cikin 100 kafin 2030, a kai wuta mai sabuntuwa kashi 45.

Madalla da hakan. Amma waye ya kashe tashar? Ba alƙali ba, ba majalisa ba, ba masuntan San Pedro ba. A fahimtata kuɗi ne suka janye. Bankunan Turai sun daina ba da bashin kwal, sannan a Satumban 2021 Xi Jinping ya faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Sin ba za ta ƙara gina tashar kwal a ƙasashen waje ba. Haka ƙa'idojin hayaƙin da manyan tashoshinmu ke bi, da yawansu sharaɗin masu ba da bashi ne irin su IFC, a cikin kwangilolin da talaka bai taɓa gani ba. An yi mana daidai, amma ba da bakinmu ba. Kuma ga shi yaƙin Yukren ya sa Jamus na shirin sake kunna tashoshin kwal ɗinta. Abin da kasuwa ta kora, kasuwa na iya dawo da shi.

A wasu ƙasashen Afirka ba haka aka yi ba. A Kenya mutanen Lamu, masunta da 'yan ƙungiyar Save Lamu, sun kai ƙara kan tashar kwal mai megawat 1,050, kuma a Yunin 2019 kotun muhalli ta soke lasisinta saboda ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba. A Afirka ta Kudu, Maris 2017, kotun Pretoria ta ce ba a amince da tashar Thabametsi sai an auna tasirinta ga yanayi, daga baya aikin ya mutu. A Maris ɗin bana kuma mai shari'a Colleen Collis ta yanke cewa gurɓatacciyar iskar yankin Highveld, inda tashoshin kwal na kamfanin Eskom suka taru, tauye haƙƙi ne da tsarin mulki ya bayar, ta umarci gwamnati ta yi ƙa'idoji. A shari'ar Amurka ta makon jiya masu kwal ne suka kai hukuma kotu don ta matsa masu. A nan nahiyar talakawa ne ke kai ta don ta ƙi matsawa. Wannan ta biyun ita ce irin shari'ar da ta shafe mu.

Alhamis, 7 ga Yuli

Kasuwar raguna a Port-Bouët, taɓo har idon sawu. Na yi ciniki da wani dattijo mutumin Tawa da ya taɓa aiki a arewa, wajen Tchirozérine, inda SONICHAR ke ƙona kwal tun farkon shekarun 1980 don ba ma'adinan yuraniyom da garin Agadas wuta. Na tambaye shi ko mutanen wurin na ƙorafin hayaƙi.

"Alhaji, wanda ya samu aiki a ciki zai yi ƙorafi? Wanda bai samu ba kuma wa zai ji shi?"

Wani ɗan Kano da ke gefe ya ce a Najeriya an taɓa cin nasara, me ya canza? Yana nufin shari'ar Jonah Gbemre ta 2005, da babbar kotun tarayya a birnin Benin ta ce ƙona gas a sarari a yankin Neja Delta ya saɓa wa haƙƙin rayuwa. Shekara 17 ke nan, wutar na ci. Ban sami amsar da zan ba shi ba sai cewa hukuncin da ba a zartar ba ya fi babu, don na baya zai same shi a rubuce ya ɗora. Bai gamsu ba. Ragon ma bai yi sauƙi ba.

Juma'a, 8 ga Yuli

Ranar Arfa, ana azumi, gobe Sallah. 'Yata ta dawo gida, suna ta aikin kicin da mahaifiyarta, firji da injin markaɗe da fanka duk a kunne.

Ga inda na tsaya. Kodebuwa na buƙatar gas ɗinta, kuma ga kamfanin Eni ya gano sabon filin Baleine a bara, za a ƙona fiye da yanzu. Ba na goyon bayan a rage wa Adjamé wuta don a wanke laifin wasu. Amma ina so majalisar dokokinmu ta yi abin da alƙalan Amurka suka ce tasu majalisar ba ta yi ba: ta rubuta iyakar hayaƙin kowace tasha a cikin doka, da lamba, ta rubuta cewa ba za a gina ta kwal ba, ta wajabta wa CIAPOL buga abin da ta auna a Vridi da Azito inda kowa zai karanta, ta kuma hana gwamnati sasantawar da ke rufe wa waɗanda aka cuta ƙofar kotu, irin ta 2007.

Mu kuma Hausawan Treichville da Adjamé, da yawanmu an haife mu a nan, muna da katin ɗan ƙasa, muna zaɓe. In an kira taron jin ra'ayin jama'a kan wani sabon aiki a mairie, wato ofishin magajin gari, ba ma zuwa, sai mu ce na 'yan gari ne. Shugabannin ƙungiyoyinmu da limamanmu su riƙa sanar da irin waɗannan taruka bayan sallar Juma'a, kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure, kuma a tura yaranmu da suka yi karatu su je su yi tambaya da sunanmu.